Mai Rakiyar Gidan Madugu

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Ke Safara'u, janye ƙafarki daga bakin ƙofa. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu, kada gobe a ce ni na jawo.

Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Labarin Malam Haladu ne, mai gyaran keken ɗinki, wanda ya yi zaman haya a bayan gidan kakarmu tun ba a haife ku ba. A bakin kaka na ji, ita kuma a bakinsa.

Malam Haladu dogo ne, marar yawan magana. Sana'arsa ta yawo ce. Yau yana wannan kasuwa, jibi yana waccan, da jakar fata a kafaɗa cike da filaya da sukudireba da kwalbar man keke. Duk telan da kekensa ya fara tsinka zare, shi yake jira. Matarsa guda, sunanta Tabawa. Haihuwa ta zo musu, ba ta zauna ba. Ita kuma marainiya ce, daga can nesa aka kawo ta riƙo, danginta sun ƙare tun tana yarinya. Su biyu ne kawai a duniya, kuma hakan bai dame su ba. Sai ciwo ya kama ta, ya ci ta a hankali, ya tafi da ita.

Maƙwabta suka yi ta'aziyya, suka koma harkokinsu. Ba laifinsu ba ne, haka mutane suke. Da tafiya ta yi tafiya, Haladu ya zama shi kaɗai ne ya san an taɓa yin wata Tabawa. Duk sanda aka kira salla, da duk sanda ya idar, sai ya buɗe hannu ya ce, "Allah ka ji ƙan Tabawa." Ban da bakinsa, babu bakin da ke ambaton sunan nan.

To, sai ya tsiri wata ɗabi'a. Duk garin da aiki ya kai shi, in ya gama da teloli, sai ya tambaya ko akwai gidan tarihi, ko wani tsohon gida da ake zuwa kallo. Kada ku ɗauka son ilmi ne. A kasuwa in ka tsaya kai kaɗai kana kallon bango, za a ce maka, "Malam, lafiya?" A masauki in ka yi tagumi, wani zai zo ya cire maka hannu ya yi maka wa'azin haƙuri. Amma a gidan tarihi mutum zai tsaya gaban tsohuwar tukunya har inuwa ta juya, ba mai ce masa uffan. Ya shiga da yawa, gidajen sarauta da aka tashi, tsofaffin masallatai, har da wani kurkuku na zamanin Turawa. Ya fi son waɗanda ba kowa a ciki.

Wata damina aiki ya kai shi Kafin Ayari. Tsohon gari ne. Ganuwarsa ta zube, sai ƙofa guda da ta rage a tsaye, tashar mota kuma tana wajen ƙofar. An kwana ana ruwa, da safe ya ɗauke. Kafin azahar Haladu ya gama kekunan da aka tara masa. Da ya yi tambayar da ya saba, wani tela ya nuna masa hanya da baki.

"Gidan Madugu Mijinyawa. Bi lungun nan har ka ga zaure mai zanko. Amma ka nemi Baba Cindo, shi ke kula da gidan. Kada ka shiga sai da shi."

"To," in ji Haladu.

Telan bai ƙara bayani ba, shi kuma bai tambaya ba.

Ya yi salla, ya bi lungun. Rana ta buɗe da zafi irin na bayan ruwa. Ko akuya babu a hanya. Ya sami zauren a buɗe, tabarmar mai gadi a shimfiɗe, buta a gefe, mutum ne dai babu. Ya yi sallama, shiru. Ya ɗan jira, yana jin indararo na ɗiga. Ya sake yi, shiru. Har ya juya zai tafi.

"Maraba da baƙo."

Mace ce, a tsaye a ƙofar da ta shiga cikin gida. Ba za ka ce tsohuwa ba, ba za ka ce yarinya ba. Baƙin zanen saƙi ta ɗaura, irin wanda ko kakarmu ba ta tarar ana ɗaurawa ba, ta yafa wani a ka. Ku lura, sallama ya yi, maraba aka yi masa. Shi bai lura ba a lokacin. Ya ɗauka matar mai gadin ce.

"Iya, Baba Cindo nake nema."

"Ya je jana'iza. Shigo, ni ma 'yar gida ce."

Ta shige gaba, ya bi ta.

Gidan ba ƙarami ba ne. Soro bayan soro, ko'ina ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. An jera kayan fatake na da a jikin bango, wasu a cikin akwatin gilashi. Ga ƙararrawar jakuna, ga kwari da baka, ga salkar ruwa ta bushe ta ƙanƙance. Kowane abu da ɗan rubutu a ƙarƙashinsa, amma ita ko kallon rubutun ba ta yi.

"Wannan salkar ta Bawa ce," in ji ta. "Tana yoyo ta wajen wuya. An gaya masa, bai ji ba."

Suka wuce.

"A nan suke kwana kafin su kama hanyar Gwanja sayen goro. Ba sa barci. Juyi suke yi har asuba."

Haka take maganar mutanen nan, kamar jiya suka fita.

A babban soro ne Haladu ya yi tari. Tarin ya hau sama ya dawo masa. Ita kuwa ta yi magana, soron bai maimaita ba. Ya kasa kunne. Sai ya gane wani abu. Ko tana gabansa, ko tana can ƙuryar ɗaki, muryar nan daga dab da kunnensa na hagu take fitowa. Ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa.

Suka fito tsakar gida. Ruwan daren jiya ya mayar da ita taɓo. Takalminsa na nutsewa, yana cirowa da ƙyar. Da suka kai tsakiya ya waiwaya. Sawu ya miƙe tun daga bakin soro, amma na mutum ɗaya ne. Ya sunkuyar da kai a hankali ya dubi ƙafarta. Tas take, a bushe, da tsohon lalle da ya koɗe.

Kun ɗauka ya ruga? Ku ne za ku ruga, har ku bar takalma. Shi tsayawa ya yi. Tsoro ya ji, ƙwarai kuwa. Ya fara karanta abin da ya sawwaƙa a zuci. Yana cikin haka ta juyo.

"Baƙo, me kake nema a gidan da masu shi suka mutu?"

Ya daɗe rabon da a yi masa tambayar da ba ta keke ba. Bakinsa ya riga shi.

"Shiru nake nema, Iya."

"Wa ka rasa?"

"Mai ɗakina."

"Ayya," in ji ta.

Ba ta ce ya yi haƙuri ba. Ba ta ce kowa can za shi ba. Ayya kawai ta ce, ta tsaya tana jira. Tsoron nan da ya cika masa ciki sai ya ji ya ɗan matsa gefe.

Da suka dawo zaure ta miƙo hannu.

"Kawo jakar. A gidan nan baƙo ba ya fita da kaya a kafaɗa, kuma ba ya fita ba rakiya."

Kun dai san rakiya. Mai gida ya karɓar maka kaya, ya taka maka, ba zai juya ba sai kai baƙo ka ce masa ya koma. Ƙin miƙa kayan ma rashin ladabi ne. Haladu kuwa mutum ne mai ladabi. Ya sauke jakar ya ba ta.

Suka kama lungu, shi a gaba, ita a bayansa kaɗan ta hagu. Yana jin takunta, siririn taku, ba sauri.

"Ba ni labarinta," in ji ta. "Hanya ta fi sauƙi da hira."

Ya fara da abin da ya fi ci masa rai. Ya ba ta labarin jinya. Warin maganin asibiti. Yadda Tabawa ta rame har awarwaronta ke zamewa zuwa gwiwar hannu. Ranar da ta ce tana son kunun tsamiya, ya zaga gari ya samo, ta kasa haɗiya, ta ce masa ya yi daɗi. Bai taɓa gaya wa kowa wannan ba.

"Ina ji," in ji ta.

Yana faɗa, yana jin ƙirjinsa na sakewa. Ya ja numfashi har ƙasan ciki, abin da ya manta yadda ake yi.

A bakin lungun suka yi kiciɓis da wani tsoho mai sanda, ƙafafunsa duk jar ƙasar maƙabarta. Tsohon ya dubi Haladu. Ya ga mutum ba kaya, yana tafe yana magana, ya bar wa wani hanya a gefensa. Ya tsaya cak.

"Malam, daga gidan Madugu kake?"

"Daga can."

"Ni ne Cindo. Kai kaɗai ka shiga?"

"Iya ta zaga da ni."

Baba Cindo bai dubi gefen hagun Haladu ba. Ƙasa ya duba, ya ɗan rusuna, ya ce a hankali, "Sannu da aiki, uwar gida." Sannan ya kama hannun rigar Haladu ya ja shi gindin katanga. Ita ta tsaya nesa kaɗan, yadda mai rakiya mai kunya ke yi in baƙo ya tsaya magana.

"Me ka ba ta?"

"Jakata."

"Ban da jaka."

"Hira kawai muke yi."

"Wace hira?"

Haladu ya buɗe baki zai ce jinyar mai ɗakina. Sai ya tsaya. Ya san an yi jinya. Amma a wane asibiti? Me ta ce da shi a ƙarshe? Ya laluba, ya ji wurin fayau, kamar gurbin haƙorin da aka cire.

"Ka gani," in ji Baba Cindo. "Ba mugunta take yi ba. Aikinta ke nan tun zamanin Madugu, ba ta san gidan ya watse ba. Duk abin da baƙo ya miƙa mata, na hannu da na zuci, riƙe masa take yi. In ka ce ta koma, sai ta miƙo maka abinka. In kuwa ka bari ta fita ƙofar gari, da kanta za ta juya, kuma abin da ke hannunta ya tafi ke nan."

"Ya tafi ke nan," in ji Haladu.

"Fatake da yawa da gangan suka bar ta ta fita. Tafiyar Gwanja da begen gida ba ta yiwuwa. Suka tafi sakayau. Ba su dawo ba, don ba su san sun bar kowa ba."

Haladu ya waiwaya ya dubi jakarsa a hannunta.

"Ni ba ni da ikon sallamar ta. Baƙo ke sallamar mai rakiya. Juya yanzu ka ce, ki koma haka nan, na gode. Shi ke nan."

Haladu bai juya ba.

"Malam."

"Zan faɗa, Baba. A gaba kaɗan."

Tsohon ya daɗe yana kallon sa.

"Duk haka suke cewa. Ni gwiwata ba za ta kai ni ƙofa ba, maƙabarta ta gama da ita. Ƙofar gari ce iyaka. Kada ka manta." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ko da yake mantuwar ce abin tsoron."

Ya wuce yana ɗingishi.

Ni dai ban ga laifin Haladu ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana farkawa da dutse a ƙirji, yau an ɗauke masa, ka ce ya karɓa ya mayar? Sai ya yi wani wayo a ransa. Ya ce zai ba ta masu ɗacin kawai, ya riƙe masu daɗin, sannan ya bar ta ta fita ƙofa da su. Ya manta abin da kowane tela ya sani, in ka ja zare ɗaya, ɗinkin gaba ɗaya ke biyo shi.

Bai nufi ƙofa ba. Ya ɗauki doguwar hanya ta cikin gari. Suka bi ta tsohuwar marina, rijiyoyinta duk sun cika da ruwan sama. Suka bi ta bayan masallacin Juma'a. Masu zama a dakali suka ga baƙo na tafe yana magana shi kaɗai, suka kawar da kai. A garin nan an san abin.

Ya ba ta labarin 'ya'yan da suka binne. Da labarin ya tafi, sai ya tafi da sunayen da suka zauna suka zaɓa tare, da 'yar hular da Tabawa ta saƙa. Bai ji fitarsu ba.

"Sai kuma me?"

Ya ba ta labarin faɗansu, lokacin da ya daɗe a tafiya bai aiko da saƙo ba, ya dawo ta ƙi yi masa magana. Da wannan ya tafi, sai ya tafi da yadda suka shirya, ranar da ya buɗe jaka a wata kasuwa ya tarar ta cusa masa ƙullin yaji da dambun nama ba tare da ta ce komai ba.

"Ina ji."

Aka kira la'asar, ya yi salla a gindin wata bishiya, ta tsaya can tana jira da jakar a hannu. Ya yi addu'arsa, sunan ya zo, sai dai ya zo da sauƙi, kamar sunan maƙwabciya. Ya kamata wannan ya tsorata shi. Bai tsorata shi ba.

Daga nan ya daina zaɓe. Daɗin a saurare ka ba ƙaramin abu ba ne, ku da kuke gida cike da mutane ba za ku gane ba. Ya ba ta ranar da ya fara ganin Tabawa, ta ɗauko keken ɗinkin hannu na uwar riƙonta a ka ta kawo gyara, alhali ba abin da ya sami keken, zaren ne aka saka ba daidai ba. Ya ba ta yadda take tsoron tsaka. Ya ba ta waƙar da take yi in tana daka. Ya ba ta yadda take gane takunsa tun daga bakin layi. Yana faɗa yana murmushi, yana jin jikinsa kamar na saurayi.

"Wa sunanta?"

"Tabawa."

"Tabawa," in ji ta a hankali. Ta gyara riƙon jakar.

Rana ta yi ja. Tsuntsaye suka fara komawa bishiya. Duk hanyar da ya bi a garin nan, sai ta ɓulle da shi wuri guda. Ya ɗaga kai ya ga ƙofar a gabansa.

Ƙofar tana da kauri, shiga cikinta kamar shiga ɗaki ne. Duhu a ciki, da warin jemage. Ta ɗaya bakin yana hango tasha. Mota ɗaya ta rage, kwandasta na kiran fasinja.

"Saura me, baƙo?"

Ya laluba. Kansa wasai, kamar ɗakin da aka kwashe kaya aka share. A can lungu abu ɗaya ya rage.

"Dariyarta."

"Ina ji."

Kada ku tambaye ni yadda dariyar take. Ni ma ban sani ba, za ku ji dalili.

Suka shiga duhun ƙofar. Yana tafe yana kwatanta mata, har yana gwada yi da bakinsa. Takunta na bin sa. Ya fito ta ɗaya bakin, hasken yamma ya buge shi. Ya waiwaya. Ƙafarta ɗaya ta fito, ta taka ƙasar waje. Ya ga ƙafar ta nutse a taɓo. A nan kam ta bar sawu.

Sai ladanin masallacin tasha ya ɗaga murya.

Haladu ya tsaya, don haka ya saba. Ita ma ta tsaya, ƙafa ɗaya a waje, ɗaya a ciki, kanta a sunkuye. Ya amsa kiran har ƙarshe. Hannuwansa suka buɗe da kansu. Bakinsa ya ce, "Allah ka ji ƙan..."

Ya tsaya.

Ya sake. "Allah ka ji ƙan..."

Babu. Hannu a buɗe, baki a buɗe, ba suna. Ya dubi tafin hannunsa kamar a nan zai gani.

"Iya."

"Na'am, baƙo."

"Wa nake yi wa addu'a?"

"Ba kowa. Mu je, motar za ta tashi."

"Akwai wani. Hannuna ya saba."

"Zai daina. Duk sun daina."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Da tausayi ta faɗa, wannan ne ma ya fi ba shi tsoro.

Bai san ko wa ya rasa ba. Bai san mace ce ko namiji ba. Abu ɗaya kawai ya tsaya masa a rai. Ko wane ne, yana can kwance a ƙasa, ba ya iya roƙa wa kansa komai. Kuma in da akwai wani mai roƙa masa, da hannun nan bai saba haka ba. Kaɗaicin da ya ji a wannan lokacin bai taɓa jin irinsa ba, don a da ko ba komai yana da wanda ya rasa.

Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta. 

"Iya, ki koma haka nan. Na gode."

Ba ta motsa ba.

"Da nauyi fa."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ka manta."

"Kawo dai."

Ta daɗe tana kallon sa. A lokacin ne ya ga idonta sosai, ya ga ido ne na wadda ta raka mutane da yawa ba wanda ya dawo. Ta janye ƙafarta ciki. Ta miƙo jakar.

Da ya karɓa, gwiwoyinsa suka kai ƙasa. Komai ya dawo lokaci guda. Warin asibiti, awarwaro, kunun tsamiya, ƙananan kaburbura, ƙullin yaji, keken hannu a kan wata yarinya mai kunya. Dutsen ya koma mazauninsa a ƙirji. Yana durƙushe a cikin taɓo, babban mutum da gemu, yana kuka yana cewa, "Tabawa. Allah ka ji ƙan Tabawa."

"Ka sauka lafiya, baƙo," in ji muryar, dab da kunnensa na hagu. "Ka gaida gida."

Bai amsa ba, don ba kowa a gidan nasa da zai gaisar. Da ya ɗaga kai, duhu ne kawai a cikin ƙofar.

Ya yi salla, ya shiga mota. Ba wanda ya tambaye shi taɓon da ke gwiwarsa. Motar na tafe yana bin abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, yadda mai dawowa daga kasuwa ke duba kayansa. Jinya tana nan. Faɗa yana nan. Waƙar daka tana nan. Ya ce alhamdu lillahi.

Sai ya zo kan dariya.

Ya san tana dariya. Ya tuna abin da ke ba ta dariya. Yana ganin ta ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza, hawaye na fitowa. Amma ba sauti. Ya rufe ido, ya toshe kunne, ya jira. Bakinta na motsi, shiru. Dariyar ce yake miƙa wa mai rakiyar lokacin da ƙafarta ɗaya ta fita ƙofa.

Ya jure har rani. Sannan ya koma Kafin Ayari, ba don keken kowa ba. Wannan karon a kan tabarmar zaure ya zauna, ya jira Baba Cindo. Tsohon ya gane shi. Ya saurari bayaninsa har ƙarshe, sannan ya miƙe ya kama shi a wuyan hannu.

"Kada ka saki hannuna. Kada ka amsa wa kowa."

Ya wuce da shi duk sorayen da ake kai masu kallo, har can ƙarshen gida. Akwai wani ɗan ɗaki mai gajeriyar ƙofa, a kulle. Ba rubutu a jikinsa.

"Ba na kawo kowa nan," in ji Baba Cindo. "Sa kunnenka."

Haladu ya durƙusa ya manna kunne a jikin ƙyauren.

Da farko bai ji komai ba. Can sai ya fara ji, ƙasa-ƙasa. Wata na kiran yaro ya zo ya ci tuwo. Wani tsoho na tari. Ana daka. Ana rarrashin jariri. Abin da fatake suka bari ne, duk yana nan a ajiye. A cikinsu kuma akwai dariyar mata. Wata siririya, wata mai kauri, wata mai shiƙewa a tsakiya, wata da ake dannewa don kunya. Suna zuwa suna wucewa.

Ya daɗe a durƙushe. Inuwa ta bar bangon nan ta koma wancan. Baba Cindo bai sake shi ba, bai kuma ce ya yi sauri ba. Da ƙarshe ya sunkuyo.

"Ka ji ta?"

"Na ji dariya da yawa, Baba."

"Wacce ce tata?"

Haladu ya ƙara manna kunnen. Ya saurari wannan, ya saurari waccan. Sannan ya ɗago.

"Ban sani ba."

Baba Cindo da kansa ya raka shi. A zaure Haladu ya juya ya dubi ƙofar cikin gida, ba kowa a wurin, ya ce a koma haka nan, ya gode. Ya rataya jakarsa ya kama hanya. Bai sake zuwa garin ba.

Don haka in Allah ya kai ku wani gari kuka ce za ku kallon tsohon gida, kada ɗayanku ya shiga shi kaɗai. In mai gadi ba ya nan, ku jira shi. In wani ya ce ku kawo ya riƙe muku kaya, ku ce kun gode. In kun fito zaure kuma, ko ba ku ga kowa ba, ku juya ku sallami mai rakiya.

Ku tashi ku kwanta. Wanda barci bai ɗauke shi da wuri ba, ya sa Tabawa a addu'arsa. Mai yi mata ya daɗe da rasuwa.